A Gidanmu Ba A Yanka Mace

Ungozoma ta cire safar hannu ta jefa a kwando. Tun hantsi matar da aka kawo asibiti ke naƙuda, ga la'asar ta kawo jiki, kan jariri ko gezau. Ya fi ƙarfin ƙugun uwar, bugun zuciyarsa kuma ya fara ja da baya. Ta aika a kira likita, a shirya ɗakin tiyata.

Mai naƙudar ta yarda tun kafin a gama yi mata bayani. Rigimar tana waje, a kan benci.

Mijin ya miƙe yana murza hula a hannu. Kallo ɗaya ungozoma ta yi wa kansa ta gane inda jariri ya yo gado. Hular nan ba ta kasuwa ba ce, sai dai a ba da ɗinki.

"Sai abin da Inna ta ce," in ji shi.

Inna, uwar mijin, ta riga ta ce. Tun da ungozoma ta fito, Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, bango take kallo tana zuba.

"A gidanmu ba a yanka mace. Raki ne na 'yan zamani. Ni da na haifi wannan, ko tarina maƙwabta ba su ji ba."

Ran ungozoma ya ɓaci, ga tsoro, don jaririn ba zai jira a gama gardama ba. Sai dai muryar ta tsaya mata a kunne. Ta tsufa a aikin nan. Fuska takan ɓace mata, amma bakin da ya taɓa zaginta ba ta mance shi.

Ta zauna dab da tsohuwar ta yi mata raɗa. Inna ta zabura tana gyara ɗaurin zani.

"Kai, ka tsaya kamar turke! Maza a yi mata aikin!"

Aka ciro yaro yana tsala kuka, kai sak na ubansa, uwa lafiya lau. Mijin sai yabon hangen nesan Inna yake yi.

Ungozoma na wanke hannu Inna ta lallaɓo.

"Don girman Allah, kada ɗan nan nawa ya ji."

"Ba zai ji daga bakina ba," in ji ungozoma. "Ya tabon naki? Har yau ina tuna zagin da na sha ranar da muka ciro miki shi."