Inda Giwa Ta Janye Ƙafa

Shayin Refilwe ya huce a gefen kwamfuta, ba ta ko kurɓa ba. Rahoton Giwa ne ya fito da safiyar nan.

Giwa shi ne sunan da 'yan kasuwar hannun jari na Johannesburg suka laƙaba wa wani babban asusu mai juya kuɗin masu hannu da shuni. Doka ta tilasta masa bayyana abin da ya saya da abin da ya sayar, sai dai bayanin ba ya fitowa sai an yi wata uku da gama cinikin. Refilwe ma'aikaciyar banki ce, kuma ita ke zuba kuɗin matan adashensu a kasuwa. Dabararta ɗaya ce, inda Giwa ta taka nan take takawa. Matan na yi mata kirarin mai ido, ita kuwa ba ta taɓa musa musu ba.

Bin sawun ne ya jawo mata ganin abin da ba ta nema ba. Shekara biyu baya, Giwa ta sayar da duk jarinta na wata mahaƙar zinariya ana tsakiyar cin riba, bayan 'yan watanni ramin ya rufta da mutane. Bara ma haka aka yi da wata mahaƙar. Ramukan biyu duk suna da takardar shaidar lafiya, da sa hannun injiniya.

Yau kuma rahoton ya nuna Giwa ta fice daga mahaƙar Lerako, ba ta bar ko hannun jari ɗaya ba. A Lerako ƙaninta Tumisang yake aiki, can ƙarƙashin ƙasa, kuma shi kaɗai ya rage mata a duniya cikin 'yan ɗakinsu.

Tsoro ya kama ta sosai. Ta iske mijinta Molefi a kicin yana juya tuwon masara. Injiniya ne mai duba ƙarfin dutse, kamfaninsu na tura shi wurare, ya dawo da jar ƙura a takalmi da ɗan kilishi a leda. Mutum ne da ba ya kawo zancen aiki gida, ita ma ta daɗe da daina tambaya.

"Molefi, wani yana gaya wa mutanen nan gaskiya kafin rami ya rufta."

"Ke dai da Giwarki," ya ce, bai juyo ba. "Ko atishawa ta yi sai kin ce wahayi ne."

"Sun fita daga Lerako. Tumisang fa?"

"Babu abin da zai sami Tumisang."

Ya faɗi maganar a natse, kamar mai faɗin farashin burodi. Ta ɗauka lallashi ne irin na maza, haushi ya ƙara kama ta. Tun da ya canja mota bara ya zama haka, ga shiru, ga rashin barci, ga saurin kashe rediyo in an fara labarai.

Ta koma ɗaki tana lissafi. In rahoton ya makara wata uku, to wata uku ke nan dutsen yana jiran ranarsa. Ta tuna zuwan Tumisang cin abincin Lahadi kwanan baya, yana ta mitar an rage masa alawus, farcensa tas kamar na malamin makaranta. Har tsokanarsa ta yi ko ya samu budurwa ne.

Ta kira shi. Sai da ta kusa tsinkewa ya ɗauka. Tana jin ƙarar ƙararrawar sauyin aiki a bayansa, da muryoyin maza suna waƙa, suna shiga kejin ƙarfen da ke sauka da su cikin rami.

"Tumi, kada ka sauka. Don Allah ajiye hular nan ka taho gida."

"Yaya, lafiya? Ko kuɗin adashen ne suka nutse?"

"Ba wasa nake ba. Ramin nan zai rufta."

Ya yi dariya. "Mutum ɗari huɗu na sauka yanzu haka, ke kina Joburg kin fi su sanin dutse? To kwantar da hankalinki, ni na daɗe rabona da ƙasa. A sito nake, ina ƙirga fitilu kamar tsoho."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta zauna a bakin gado. A lokacin ta lura ƙarar muciya ta tsaya a kicin. Molefi na tsaye a bakin ƙofa yana kallonta.

"Wa ya mayar da kai sito?" ta tambayi Tumisang a hankali.

"Au, bai gaya miki ba? Ai mijinki ne. Wata uku ke nan, ranar da ya zo ya duba ramin ya sa hannu cewa lafiyarsa ƙalau, a ranar ya roƙi manaja a fito da ni."