Buhuna Masu Jan Zare

"Wa ke kawo miki dawa?" ɗan Hisba ya sake tambaya. Tsohuwar kuwa sai zagayawa take da shi cikin gidan kamar wanda ya zo neman haya.

Tun da aka kafa Shari'a ake raɗe-raɗin ana dafa burkutu a gidan nan na bayan Getso. Yau ga shi ba ta ɓoye komai ba. Ta nuna masa inda take jiƙa dawa, ta yaye tabarmar da ta rufe tsiron dawar, ta buɗe tukwanen da ke kumfa ba wuta a ƙarƙashinsu.

Sakin fuskar nan ne ya dame shi. Mai laifi ba ya fara'a haka.

Ta ajiye masa tuwo. Ya shinshina, ya ture kwanon gefe.

"Inna, ba ci ya kawo ni ba. A wannan tsadar, duk mai sayar miki da hatsi ya san abin da kike yi da shi. Tare za ku gurfana gaban alƙali."

"To Malam, leƙa ka gani."

Ta tura ƙyauren ɗakin ajiya. Buhuna ne jibge, kowanne an ɗinke bakinsa da jan zare. Duk cikin masu sayar da hatsi a kasuwar Getso, shi ɗan Hisban ne kaɗai ke ɗinki haka. Ya tuna baƙon da ya kwashe masa dawa bayan girbi, bai nemi ragi ba, shi ma bai tambaye shi inda za a kai ta ba.

"Ci tuwonka, Malam," in ji ta. "Dawarka ce."