Toshin Alhajin Wurno

Ana saura 'yan kwanaki ƙaramar Sallah zabin Bube suka ɓace. Ya duba bayan rumbu, ya duba gindin tsamiya, ko gashi bai gani ba. Mahaifiyarsa, Inna Laraba, tana zaune tana matsa gwiwa, ta ce ƙila muzuru ne. Muzurun da zai kwashe garken zabi! Bube ya yini yana tsaki.

Shi fa Bube hannun jarirai gare shi, abin da ya shiga ba ya fita. Tun da matarsa ta rasu, Inna ke daka, Inna ke tuƙa tuwo da tsufanta. Kuma kowa ya san ransa yana wajen Hawwa, bazawarar da ke suyar kifi a bakin madatsar ruwan Goronyo. Kullum sai ya bi ta can, ya taya kifi, ya yaba suya, ya wuce bai saya ba. Maganar aure kuwa ta maƙale masa a wuya, shekara da shekaru.

Ranar jajibere, Sale ɗan kabu-kabu ya tsaya a majalisar su Bube da ƙunshi a bayan babur. Atamfa ce, da turare, da lalle. Ba wanda ya tambaye shi, amma ya ɗaga murya.

"Toshin Salla na. Wani Alhaji na Wurno yab ba ni in kai ma Hawwa."

Goron da ke bakin Bube ya koma masa ɗaci. Kafin magariba ya shiga kasuwa ya sayo kallabi, mafi araha a shagon, ya aika. Da safen Sallah ya hango Hawwa cikin atamfar Alhaji, kallabinsa kuwa ta yi gammo da shi.

Ya so ya san ko wane ne wannan Alhaji. Sale ya ce an hana shi faɗa. Bube ya roƙi Inna ta bincika masa, tunda a 'yan watannin nan ta tsiri zuwa Wurno karɓo maganin gwiwa, Sale ke kai ta. Ta dawo tana girgiza kai. Ta ce dai an ce mutumin kirki ne, yana da dukiya, sai dai ba ya son a san ya bayar.

Babbar Sallah ta matso. Cikin ragunan da Bube ya yi wa kiwon sayarwa, wanda ya fi ƙiba ya tsinke igiya ranar da ya tafi fadama. Ya bi sawu har hanyar Shinaka, ya dawo da ƙaya a ƙafa. Inna ta ce ya bar wa Allah. Kwana biyu tsakani sai ga Sale da leshi, da takalma, da buhun shinkafa, duk na Hawwa. Wannan karon har hon ya danna a gaban majalisa.

Kishi ya ci Bube, ya ci rowarsa ma. Da aka sauke ragon layyarsa daga gashi washegarin Sallah, cinya sukutum ya yanke ya aika mata. Abokansa suka riƙe baki. Wani ya ce lallai duniya ta zo ƙarshe.

Haka shekarar ta yi ta tafiya. Daren cika-ciki, wanda kowane gida ke cin tuwo har a kasa tashi, Alhaji ya aiko kaji da man shanu. Bube, da ke cikin takaicin buhun albasarsa da ya rasa a ɗakin ajiya, ya aika kaji da man shanu, ya ƙara da zuma. Hawwa ta karɓi na kowa, ta yi godiya ga kowa, ba ta nuna wanda ta fi so ba. Wannan ne ya hana shi sukuni.

Da watan Maulidi ya kama, Sale ya zo hannu rabbana. Ya zauna ya sha ruwa, sannan ya ce Alhaji ya gaji da aike, da an gama Maulidi magabatansa za su zo.

Bube bai tsaya neman hularsa ba. Ya iske Hawwa tana juya kifi, ya faɗi abin da ya kasa faɗa tun tuni, yana in'ina, gumi na zuba. Ta ce ya je ya ga baffanta. Kafin sati ya zagayo ya kai goro, ya kai sadaki, bai ko nemi ragi ba. Aka ɗaura aure. Inna ta jingine taɓarya a bango, ta miƙe ƙafa, gwiwa kuma ta warke ba a sake zuwa Wurno ba.

Ranar da amarya ta fara girki, Bube ya zauna yana murza gashin baki, daɗi kamar ya kashe shi. Ya ka da mai kuɗi, shi Bube! Ya ce da Hawwa, yanzu dai tunda komai ya wuce, ta faɗa masa sunan Alhajin nan, ya je ya yi masa jaje.

Hawwa ta dubi Inna. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa.

"Mi za ka tahiya yi Wurno, Malam?" in ji Hawwa. "Ai Alhajin kai na, da zabinka da ragonka da albasakka. Inna dai ta riƙa kai su kasuwa."