Masaƙi da Zaren Gwaggo

Kai da ka shigo da zafinka kana cewa ka riga ka san mai laifi, sha ruwa tukuna, ka ji wani misali.

An yi wani masaƙi, gwani ne na gaske, wanda iska ta kwashe wa rumfa, sai ya mayar da kayan saƙarsa gindin wata ceɗiya a ƙofar gida. Ya ja zarensa can nesa ya ɗaure a kunkuru, wato katakon nan da ake jibga wa duwatsu don zare ya yi tsauri, mutum na saƙa yana jawo shi sannu a hankali. To, tun daga ranar al'amari ya rikice. In ya fara, saƙa ta fito a tsuke gwanin sha'awa, amma kafin kunkuru ya matso kusa sai ta saki, ta koma kamar rariya. Ya mayar da kunkuru baya, ta gyaru, jim kaɗan ta sake lalacewa. Ikon Allah! Hannu ɗaya, ƙoshiyar jefa zare ɗaya, amma ka rantse mutum biyu ke saƙar. Ya canza masefin da yake buga zare da shi, a banza. Ya ƙara dutse, sai farkon ya yi ta tsinkewa, ƙarshen kuwa yana nan jiya i yau. Har furar rana ya daina sha, wai ko ita ke kashe masa jiki. Bawan Allah ya zuba tagumi yana kallon hannayensa kamar na aro, ya rasa inda zai sa kansa.

Da abin ya ishe shi sai ya ce ai zare ne. Zaren kuwa gwaggonsa ce ke kaɗa masa, shekara ashirin cur. Tsohuwa ce, ba ɗa ba jika, ba ta da abin taƙama a unguwa sai a ce zarenta ba ya gardama. Ya je ya dire mata ƙunshin a gaba ya ce, "Gwaggo, hannunki ya fara rawa. Zaren nan wani wuri kauri, wani wuri siriri." Shi kansa bai ga haka ba, sai dai dole laifin ya samu mazauni. Tsohuwa ta ɗaga zaren ta kai kusa da fuska, ta duba, ta sake dubawa, ba ta ga aibi ba. Wannan ne ma ya fi tayar mata da hankali. Ta ce, "Ashe har da idon ya tafi."

Ya sayo zaren kasuwa ya ɗaura, yana ganin ya rabu da ƙaya. Ina! Saƙa ta fara a tsuke, ta ƙare a sake. Nan fa kansa ya ɗaure gaba ɗaya. Ran nan ya tashi ƙulla wani zare da ya tsinke a tsakiyar fili, sai kwarkwaro, wato ɗan karan da ake naɗe zare a jikinsa, ya suɓuce masa daga aljihu. Abin nan ya yi ta mirgina, bai tsaya ba sai a gindin mazauninsa. Ya ɗauko, ya koma ya sake ajiye shi, ya sake gangarawa. Ashe filin ne ke da gangare daga tsakiya zuwa gindin ceɗiya, wanda ido ba ya kamawa. Da zarar kunkuru ya iso nan sai ya riƙa sulalowa da kansa, zare ya saki.

Kunya ta rufe shi, ya garzaya gidan gwaggo ko takalmi bai tsaya sawa ba. Ya tarar ta kyautar da mazarinta da sauran audugarta, ta kuma gaya wa matan unguwa cewa ita ta gama. Ya durƙusa ya ce, "Wallahi Gwaggo, ba zarenki ba ne, ƙasa ce." Ta yi murmushi ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ba sai ka lallashe ni ba." Ya rantse, ya roƙa, ya ce ta zo ta gani da idonta, ta ce wane idon? Filin dai ya gyara shi da kwando uku na ƙasa, amma gwaggo har ta koma ga Allah ba ta sake taɓa auduga ba.

Irin wannan ne Hausawa ke cewa an bar jaki ana dukan taiki.