Bandejin Ajin Kafinta

Motar kwamitin kuɗi na shigowa harabar makaranta, sai na raba wa ɗalibaina bandeji.

"Kowa ya naɗe yatsa ɗaya. Kai dogo, naɗe biyu, fuskarka ba ta ba da tausayi."

Shekara shida ina rubuta takarda a saya mana injin yankan katako mai murfi a kan zartonsa. Namu haƙoransa a waje suke, in ya fizgi katako har da hannu zai iya ja. Ba a taɓa ba ni amsa ba, don babu wanda ya ji ciwo tukuna. Laifina ne, ni nake tsayawa a kansu kamar mai gadi. Marigayiya matata takan ce ban iya ƙarya ba, shi ya sa na bar wa yaran aikin.

Sun yi ƙoƙari. Wata ta ɗiga jan fenti a nata, dogon har da nishi. Shugabar kwamitin ta zaga ajin dafe da ƙirji.

"Malam, duk injin nan ne ya yi wannan?"

"Ranki ya daɗe, ga injin, ga yaran."

Ta share ƙwalla, ta ce wannan karon ba za a yi shiru ba.

Ta kuwa cika alkawari. Bayan mako biyu aka sauke mana manyan kwalaye a ƙofar aji. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Bandeji ne, mai kyau, wanda zai ishe mu har yatsun ajin su ƙare.