Matar da Ta Sayar da Ɓawon Makankari

Tunda ka ce za ka kwashe karan gonarka kaf ka sayar, ko tsinke ba za ka bar wa ƙasa ba, zauna in ba ka wani misali kafin ka ɗauko amalanke.

Zamanin da nake fataucin goro, nakan sauka a wani ƙauye can bakin teku, inda kogi ke zubawa cikin ruwan gishiri. Mutanen wurin ba su san garma ba. Gonarsu tana ƙarƙashin ruwa, amfaninta kuwa makankari ne, wannan mai ɓawo biyu da iyayenmu mata ke kankare tukunya da shi. Mu ɓawon muka sani, su naman ciki suke ci. Kowace mace tana da fagenta da aka kafe da sanduna, gadon uwa ne, 'ya ke karɓa. In ruwa ya janye da hantsi sai su shiga har ƙugu, suna lalube da yatsun ƙafa, suna waƙa, suna yi wa mazajensu shaƙiyanci. Da la'asar gari ya turnuƙe da hayaƙin banda, 'yan kasuwa suna jira da kwanduna. Da makankarin nan ake aurar da 'ya'ya, da shi ake rufin ɗaki. Na yi yawo, amma ban ga garin da ya kai wannan walwala ba, har gobe ina kewarsa.

Matar da nake sauka a gidanta tana da 'ya ɗaya tilo, kuma ba ta da buri sai ta bar mata fagen nan da albarkarsa. Kullum in ta gama cire nama, sai ta jido ɓawon a daro ta koma ruwa ta watsa a fagenta, kamar yadda duk matan garin suke yi. Ina tsokanarta, ina cewa ban taɓa ganin mai kai shara inda yake samo abinci ba. Sai ta yi dariya ta ce ita ma ba ta san dalili ba, haka ta taso ta ga innarta tana yi. Ana nan sai ga wani ɗan kasuwa da babbar mota, yana sayen ɓawo ana niƙawa a zuba cikin abincin kaji. Mata suka ga banza ta faɗi, shara ta zama haja. Ita ta daure shekara guda tana watsa nata a ruwa, maƙwabta suna yi mata dariya cikin sababbin atamfofi. Daga baya ta ce ai 'yarta ma tana son kayan ɗaki, ta bi sahu. Da ɓawon tudu ya kasa cika motar, sai suka shiga ruwa da manjagara suka kwaso har wanda kakanninsu suka zuba.

Shekara biyu ana shagali. A ta uku ƙafa ta fara nutsewa cikin laka mai santsi, ba abin da take taɓowa. Ashe 'ya'yan makankari, da ba su fi ƙwayar dawa ba, cikin tsohon ɓawon nan suke fakewa har su yi ƙwari. Da aka kwashe musu mafaka, ƙaguwa ta cinye su ɗaya bayan ɗaya. Mai mota kuwa ya ƙara gaba abinsa.

Zuwana na ƙarshe, na tarar da garin tsit, ba waƙa, ba hayaƙi. 'Yar ta bi sa'o'inta birni aikatau. Uwar na iske a bakin ruwa, ta tsufa, tana tuge sandunan fagenta za ta hura wuta da su. Raina ya ɓaci ƙwarai. Muka gaisa, sannan ta ce, "Baƙo, yanzu na san abin da ya sa inna take mayar da ɓawon. Sai dai ba ni da wadda zan gaya wa."

Shi ya sa Hausawa suke cewa, garin neman gira aka rasa ido.