Barandar Gwaggo Sevil

"Gwaggo, wallahi kewarki ce ta kawo mu," in ji Rufat, yana shafa wa barandarta fenti.

Shi da matarsa Nigar sun yi shekaru ba su taka gidan tsohuwar ba. Sai da tikitin kallon tseren motoci na birnin Baku ya ƙare, suka tuna barandarta na kallon titin tseren da dandalin da babbar mawaƙiyar bana za ta cashe. Nan take zumunci ya motsa. Rufat ya gyara famfo, Nigar ta wanke labule. Har abokai suka gayyata.

"Allah ya yi muku albarka," iyakar abin da Gwaggo Sevil ke cewa ke nan.

Ranar Juma'a, ranar fara tseren, suka iso da tawagarsu, an ci kwalliya. Wani Bature mai gajeren wando ya buɗe ƙofa. Ya kama hayar gidan har Litinin, sai yabon sabon fentin yake yi.

Rufat ya kira Gwaggo Sevil a waya.

"Ina ƙauye, ɗan nan," in ji ta. "Ba kewata kuke yi ba? Ku taho, dankali ya isa tono."